Na gama maganin tarin fuka, amma gudu ya gagare ni

Baban Khalifa: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Kafin ciwo ya kwantar da ni, kullum bayan sallar asuba ina Murtala Square a nan Kaduna, kilomita 10 ba ta yi min komai. Sai tari ya fara, ga gumin dare, na rame har wando ya daina zama a ƙuguna. Na daɗe ina shan maganin taifot a kemis kafin a gwada kaki a ce tarin fuka ne. Wata 6 ina haɗiyar ƙwayoyi, fitsari ja kamar zoɓo. Dangin matata ma suka daina cin abinci a gidana, har yau abin yana raina. Alhamdulillah an sake gwaji, an ce na warke. Makon jiya na koma fili, ko zagaye ɗaya ban kai ba numfashi ya sarƙe, ƙirji ya ɗau zafi. Ga shi na ƙudura zan yi gudun kilomita 10 na Legas a Fabrairu. Ya zan yi?

Tsohon Soja: Wa alaikumus salam. Ƙanena, tsoro ne kawai. Huhu sai an matsa masa yake buɗewa. Fita kullum, kada ka tsallake ko rana ɗaya, in ƙirji ya yi zafi ka cije. Na horar da yara da yawa, na san abin da nake faɗa.

Maman Ilham: Sannu da jiki, Allah ya ƙara lafiya. Baba Soja, a yi haƙuri, ban yarda ba. Tarin fuka yakan bar tabo a huhu ko bayan ƙwayar cutar ta mutu, kuma doguwar jinya tana zaftare tsoka. Malam, ka faɗa wa likita za ka koma gudu? A ɗau hoton ƙirji, a duba ko jininka ya yi ƙasa. In ya amince, fara da tafiya, daga baya gudun minti 1, tafiyar minti 2. In ba ka iya magana kana gudu, ka wuce gona da iri. In ka ga jini a kaki, ko jiri, tsaya nan take. Ga hunturu ya shigo da ƙurarsa.

Ɗan Rigasa: Asibitin ma ai sai a hankali. Yayana tun safe muka kai shi, sai la'asar aka ce injin hoto ya lalace. Kuɗin Keke kawai muka yi asara. Ni dai zuma da habbatus sauda nake ba shi.

Tsohon Soja: Hajiya, in da da lallaɓawa ake gina jiki, da babu soja a ƙasar nan. Wanda aka sallama ai ya warke.

Baban Khalifa: Na gode duka. Amma Hajiya, ni fa ba sabon shiga ba ne, shekaru na yi ina gudu. Tafiya ba za ta kai ni Legas ba. Kuma ba ku san yadda ake kallona a unguwa ba, so nake su ga na miƙe da ƙafata.

Maman Ilham: Na fahimce ka wallahi. Amma ba ka amsa min ba, likita ya sani?

Baban Khalifa: Ranar da aka sallame ni cewa ya yi in koma harkokina. Gudu ma ai harkata ce.

Tsohon Soja: Yawwa! Gobe ƙarfe 6 ka fito.

Ɗan Rigasa: Wai akwai wanda ya san inda ake ɗaukar hoton ƙirji da sauƙin kuɗi a Kaduna?