Sawun wani gidan manoma ya ɓace min tsakanin 1880 da 1900

Assalamu alaikum. Ina bin salsalar wani gidan manoma a Amurka, kakannin mijin ƙanwata, ta takardun ƙidayar jama'a. A ƙidayar 1880 na same su, maigida da matarsa da 'ya'yansu. A ta 1900 kuwa, ko sama ko ƙasa. Ta 1890 da za ta cike giɓin, gobarar 1921 a Washington ta lalata mafi yawanta.

Abin da ya fi damuna, gonar haya suke nomawa, don haka babu takardar mallakar fili da zan bi. Na jujjuya rubutun sunan, shiru. Don Allah wanda ya taɓa tsallake wannan shekara ashirin, ina ya duba? Rajistar coci ko takardun haraji?