Wa ya fitar da wokal ɗin biro?

Ma'aji: Assalamu alaikum jama'ar ƙungiya. Yau sai na yi magana, don abin ya ishe ni. Daren Talata mu ƴan biro, wato kwamitin shugabannin ƙungiya, muka tattauna kan waɗanda ba su biya kuɗin wata ba. Na yi wokal, wato saƙon murya na WhatsApp, a gurup ɗin biro, na jera sunaye don sakatare ya rubuta. Washegari ina buɗe rumfa a babbar kasuwar Maraɗi, wani dillalin wake ya kara mini waya a kunne, sai ga muryata, har da alamar nan mai kibiya biyu ta saƙon da aka yi ta turawa. Kafin azahar wani dattijo da sunansa ke ciki ya zo, hannunsa na rawa, ya ce ƴaƴansa a Katsina sun ji. Duk wanda ya karɓi kujerar biro, abin da ya tura da wayarsa da sunan ƙungiya ya tura shi. Fitar da maganar biro cin amana ne, kuma ƙauyanci ne.

Mai wake na Tsibiri: Wa alaikumus salam. Alhaji, mun ji kokenka, amma mi ya kawo ƙauye cikin wannan magana? Ƴan ƙauyen ne ke noma waken da ayar da kuke cika mota da su zuwa Ɗan Isa da Jibiya.

Ɗan Madarunfa: Faɗa masa dai. In an zo karɓar kuɗin wata mu ƴan uwa ne, in an yi ɓarna mu ne ƴan ƙauye.

Ma'aji: Ni ban kama sunan garin kowa ba. Halin na zaga.

Mai wake na Tsibiri: Halin kuwa da sunanmu ka kira shi.

Hajiya mai aya: Don Allah ku dakata. Mutum ya ce an tona asirin dattijo, ku kun koma kan ƙauye. Ni sunan ƙanwata na cikin wannan wokal, tun jiya ba ta leƙo kasuwa ba.

Matashin Zariya: Hajiya, da girmanki, amma wa ya ce a jera sunayen mutane cikin wokal tun farko? Littafin ƙungiya yana nan. Kuma kuɗin na mambobi ne, ba na biro ba. In ba a ɓoye komi, mi ake tsoro?

Malamin lekol: Ƙanena, lissafin kuɗi daban, sunan mai bashi daban. Lissafi hakkin kowa ne, a babban taro ake karanta shi. Kuma ku san inda kuke taka ƙafa. A Nijar akwai dokar laifukan intanet ta 2019. A 2022 an cire ɗauri kan zagi da ɓata suna, a watan Yunin 2024 Janar Tiani ya sa hannu aka maido da shi: shekara 1 zuwa 3 a gidan kaso, da tarar sefa miliyan 1 zuwa 5. In wani ya ɗora wannan wokal ya ƙara da kiran mutum ɓarawo, maganar ba za ta tsaya a gurup ba.

Ɗan Madarunfa: Malam, to kiran mutane ƴan ƙauye ba zagi ba ne a dokar taka?

Dattijon Bagalam: Ku yara ba ku san Maraɗi ba. Garin nan da kuke taƙama da shi a da cikin fadama yake, ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta hau da mutane tudu. Kowa ka bi asalinsa za ka tarar da gona da rumbu.

Mai wake na Tsibiri: Allah ya ƙara girma, Baba. Kuma Katsinawa ku tuna ku ma zuwa kuka yi.

Matashin Zariya: Gobirawa fa? Daga Alkalawa kuka taso, kowa ya sani.

Hajiya mai aya: Innalillahi. Yanzu kuma tarihi muka koma?

Mataimakin shugaba: Ni ina da tabbacin daga wayar wani ɗan biro ta fita, kuma an san shi.

Malamin lekol: Ina shaida, Alhaji?

Mataimakin shugaba: Wani ya faɗa mini, kuma ba mai ƙarya ba ne.

Ɗan Madarunfa: Ka ji ko? Tun zaɓen bara da ɗan takararku ya sha da ƙyar kuke neman wanda za ku ɗora wa laifi. Duk wanda bai zaɓe ku ba shi ne baƙauye.

Ma'aji: Wallahi ban yi maganar zaɓe ba. Abu ɗaya na roƙa: maganar biro ta tsaya a biro, sanarwar ƙungiya kuma mutum ɗaya ya riƙa fitar da ita. Da an gaya mini da wuri ma da na goge, tunda WhatsApp na ba da wajen kwana 2, amma abin da ya riga ya shiga wayoyin mutane ba ya gogewa.

Mai wake na Tsibiri: Ka janye kalmar tukuna, sannan mu saurari roƙo.

Sakatare: Jama'a, dare ya yi, bari in taƙaita. Mafi yawan masu magana sun yarda ma'aji ya yi gaskiya, an ci amanar biro. Kalmar da wasu suka riƙe ba da mugun nufi ya faɗe ta ba, duk wanda ya san Alhaji ya san haka, masu hura wutar kuma mun san abin da ke cin su tun bara. Daga yau ni kaɗai zan riƙa fitar da sanarwa. Na rufe gurup sai bayan sallar Juma'a, admin kaɗai ke iya rubutu.