Allurar kansar da ake yaɗawa a WhatsApp, za ta yi wa Baffa aiki?

Ɗan Garwa ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman wanda ya san harkar magani ya fahimtar da ni, don a gida kan kowa ya rabu. Baffana, ƙanin mahaifinmu, ɗan kasuwar gyaɗa ne a nan Garwa, ya haura shekara hamsin. Tun bayan babbar Sallah yake ramewa, gefen cikinsa na dama yana masa nauyi, abinci ya daina shiga. An yi eko a nan, daga baya aka tura mu Yawunde aka yi sikana. Likita ya ce kansa ce a hanta, kuma ƙarin ba ɗaya ba ne, don haka ba za a iya yankewa ba. Gwajin jini ya nuna yana da ciwon hanta nau'in B, abin da bai taɓa sani ba.

Yanzu ga wani bidiyo yana yawo a guruf ɗin danginmu, wai a Amurka an samo allurar da ta warkar da duk waɗanda aka yi wa, ɗari bisa ɗari, babu tiyata babu shimiyo, wato maganin kansa mai ƙarfin nan da aka saba bayarwa. Wai garkuwar jikin mutum take tasarwa ta cinye kansar. Babban ɗan Baffa har ya sa filinsu a kasuwa, wani ɗan kamasho kuma ya ce zai haɗa mu da asibiti a Indiya idan muka ba shi kafin alƙalami. Shin labarin nan gaskiya ne? In gaskiya ne, zai yi wa irin ciwon Baffa aiki? Ba na so mu sayar da fili a banza, ba na kuma so gobe a ce ni na hana a nema masa magani.

Mai kantin magani, Ngaundere, ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya ba Baffa lafiya, ya sa kaffara ne. Na san bidiyon da kake faɗa, an sha nuna mini shi a kan kanta, mutum ya miƙo waya ya ce "akwai wannan?" Labarin gaskiya ne, amma an yanke masa kai da ƙafa.

A watan Yunin 2022 likitocin asibitin Memorial Sloan Kettering da ke birnin New York suka fitar da sakamakon wani gwaji. Sun ba marasa lafiya maganin da ake kira dostarlimab, ana ɗura shi ta jijiya duk bayan mako uku har wata shida. Mutum 12 na farko da suka kammala, aka duba aka rasa ƙarin a jikinsu gaba ɗaya. Abin mamaki ne ƙwarai, ba na rage masa daraja. Sai dai duk su kansar ƙarshen hanji ce ke gare su, wadda ba ta yaɗu zuwa nesa ba, kuma wani nau'i ne na musamman da ko a cikin masu wannan kansar 'yan kaɗan ne ke da shi. Ba a sa mai kansar hanta ko ɗaya a ciki ba.

Bari in ɗan buɗe yadda abin yake aiki, don idan ka gane shi babu ɗan kamashon da zai ruɗe ka. A cikin fararen ƙwayoyin jininmu akwai waɗanda ake kira ƙwayoyin T. Aikinsu su bi jiki suna duba sauran ƙwayoyin halitta, duk wadda suka ga ta sauya kama, ko cuta ta shige ta, su kashe ta. To amma da an bar su haka sakaka da sai su afka wa lafiyayyen jiki ma, shi ya sa Allah ya yi musu abin dakatarwa a jikinsu. Ɗaya daga ciki shi ne PD-1. Ka ɗauka jandarma ne a kan hanyar Garwa zuwa Marwa: ya tsayar da kai, ka nuna masa takarda, ya ɗaga maka hannu ka wuce. Kansa ta koyi buga takardar bogi, wato wani sinadari mai suna PD-L1 da take ɗorawa a bayanta, ƙwayar T ta gani ta ƙyale ta. Magungunan nan ba kansar suke kashewa da kansu ba, toshe wurin duba takardar suke yi, sai ƙwayar T ta daina karɓar uzuri ta yi aikinta.

Wani masani ɗan Japan, Tasuku Honjo, shi ya gano PD-1 a Jami'ar Kyoto a 1992. Wani Ba'amurke, James Allison, ya yi aiki a kan wani makamancinsa, CTLA-4, ya nuna a jikin ɓeraye a 1996 cewa in an toshe shi ƙari yana narkewa. Sai 2011 aka amince da maganin farko na wannan layi, ipilimumab, sannan pembrolizumab da nivolumab a 2014. Honjo da Allison suka raba kyautar Nobel a 2018. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ya sha pembrolizumab a 2015, lokacin da kansar fata ta kai masa hanta da ƙwaƙwalwa, haɗe da tiyata da gashin haske, ya rayu har ya cika shekara 100 kafin ya rasu a ƙarshen 2024.

Me ya sa ya yi wa waɗancan 12 aiki haka? Duk lokacin da ƙwayar halitta za ta rabu biyu sai ta kwafi bayanan gadon da ke cikinta, kuma akwai tsarin da ke gyara kurakuran kwafin. A irin kansarsu tsarin gyaran ne ya lalace, kurakurai suka taru jingim, ƙwayoyin kansar suka fita daban ƙwarai da na lafiyayyen jiki. Ƙwayoyin T suna ganinsu ƙarara, dakatarwar ce kawai ta hana su. Yawancin kansoshi ba haka suke ba, suna sajewa da jiki, don haka ko an cire dakatarwar ba lallai a gane su ba.

Kansar hanta tana da nata haɗin. Tun 2020 ana amfani da atezolizumab tare da bevacizumab ga wanda ba za a iya yi wa tiyata ba. A babban gwajin da aka yi, rabin waɗanda suka sha haɗin sun wuce wata 19 a raye, waɗanda suka sha tsohon magani sorafenib kuwa wajen wata 13. Ƙarin ya ragu sosai a jikin kusan mutum uku cikin goma. Ci gaba ne, amma ka ga ba ɗari bisa ɗari ba ne, kuma ƙarin lokaci ne ga mafi yawa, ba warkewa ba. Sannan waɗanda aka sa a gwajin hantarsu tana aiki da kyau har lokacin. Idan idon Baffa ya yi rawaya, ko ciki ya tara ruwa, lissafin ya canza. Wannan ita ce tambayar farko da za ku yi wa likitansa na Yawunde: hantar da ta rage tana da ƙarfin ɗaukar wannan magani?

Kada ku ba ɗan kamasho ko sisi kafin wani likitan kansa ya ga sikanar da takardun jini ya rubuto muku sunan maganin da za a ba shi, sau nawa, da kuɗin kowane zagaye.

Alhaji na Kasuwar Marwa ya amsa:

Allah ya ƙara sauƙi. Ni dai shawarata kada a raina na gida. A haɗa masa zuma da habbatussauda da garin zogale, akwai kuma wani mai magani a wajenmu da yake ba da sassaƙe na ciwon hanta, mutane suna yabawa. Turawan nan kuɗi kawai suke nema.

Maman Yara, Njamena, ta amsa:

Alhaji, zuma da zogale abinci ne, babu wanda zai hana. Amma sassaƙe a hantar da ta riga ta jikkata, don Allah a'a. Duk abin da aka haɗiya ta hanta yake bi.

Ɗan Garwa, ni na yi jinyar mahaifiyata a waje, kansar mama ce tata. Abin da ɗan kamashon ba zai gaya muku ba shi ne ba zuwa ɗaya ba ne. Ana ɗura maganin, a ce ku dawo bayan mako uku, haka za a yi ta yi wata da watanni. Ga kuɗin ɗaki, ga abinci, ga tafinta, ga mai jinya da ya bar sana'arsa a gida. Namu ɗan kamashon kuɗin zagayen farko kawai ya lissafa mana, sai da muka sauka muka ga sauran. Na ga iyalai 'yan Chadi da 'yan Najeriya a masaukinmu da kuɗinsu ya ƙare a tsakiya, suka dawo ba magani ba fili. Hajiyata kuwa abin da ya fi damunta a can ba allurar ba ce, rashin jikokinta ne da rashin wanda za ta yi hira da shi in dare ya yi. Ku tambayi Baffa shi kansa me yake so. Sau da yawa muna zama a zaure mu yanke wa mara lafiya hukunci yana ɗaki kwance.

Ɗalibar likitanci a Yawunde ta amsa:

Ina goyon bayan Malam mai kanti, in ƙara abu biyu. Na ɗaya, maganin nan yana da nasa illar, kuma daga yadda yake aiki take fitowa. In ka sakar wa ƙwayoyin T mara, wani lokaci sukan afka wa hanji a yi ta gudawa, ko huhu, ko maƙoshi inda ƙwayar tairod take, ko hantar kanta. Ana kwantar da su da magungunan kotizon, amma sai an gane da wuri, wato sai mara lafiya yana kusa da likitan da ya san abin. Shi kuma bevacizumab yana iya jawo zubar jini, shi ya sa ake zura kyamara ta maƙogwaro a duba jijiyoyin da suka kumbura kafin a fara.

Na biyu, akwai wani bidiyon da zai iya zuwa muku, na CAR-T, inda ake ɗebe ƙwayoyin T na mutum, a sauya musu halitta a ɗakin gwaji, a ninka su, a mayar masa. An amince da na farko, Kymriah, a Amurka a 2017 a kan dala 475,000. Indiya ta yi nata mai suna NexCAR19 a 2023, mai sauƙin kuɗi sosai a kan wancan. Amma na kansar jini ne, ba na ƙarin hanta ba. In wani ya ce zai yi wa Baffa shi, ku riƙe aljihunku.

Ɗan Garwa ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maman Yara, maganarki ta shige ni, don gaskiya babu wanda ya tambaye shi. Idonsa bai yi rawaya ba tukuna amma ƙafafunsa sun fara kumbura. Malam mai kanti, kamar nawa ne kuɗin irin allurar nan? Kuma ciwon hantar nan na B, shi ya jawo kansar? Matan gidan sun tsorata, har an ware masa kwano da kofi.

Mai kantin magani, Ngaundere, ya sake amsawa:

A mayar masa da kwanonsa cikin na jama'a, don Allah. Ciwon hanta na B ba ya bin kwano ko gaisawa. Ta jini yake bi, da saduwar aure, kuma a ƙasashenmu mafi yawa tun suna jarirai ko ƙananan yara suka ɗauka, daga uwa wajen haihuwa ko ta aska da reza ɗaya da ake yi wa yara da yawa kaciya ko tsaga. Yana zaune shiru shekara talatin, arba'in, yana cin hanta a hankali. Shi ne babban sanadin kansar hanta a yankinmu.

Tunda ka ce gyaɗa yake sayarwa, akwai abokin tafiyarsa. Gyaɗa ko masarar da aka zuba a buhu ba ta gama bushewa ba tana yin fumfuna, fumfunar tana fitar da guba mai suna aflatoksin. Ka san ƙwayoyin nan da suka yamutse suka yi baƙi-baƙi, masu ɗaci in ka tauna, waɗanda ake tsincewa a gefen tabarma a sayar da araha a yi ƙuli ko tunkuza da su? Su ne suka fi ɗauke da ita, kuma suya ba ta kashe ta. Idan gubar ta haɗu da ciwon B a hanta ɗaya, haɗarin yana ninkuwa sau da yawa. Ba ina cewa ita ta kama Baffa ba, amma gidan da ake harkar gyaɗa ya kamata a san wannan.

Kuɗi kuwa, a Amurka ɗurin pembrolizumab guda ɗaya ya haura dala 10,000, wato sama da sefa miliyan biyar, duk mako uku. Haɗin na hanta magani biyu ne, kowanne da kuɗinsa. A Indiya ya fi sauƙi, amma fili ɗaya a Garwa ba zai kai ku ƙarshen shekara ba. Kumburin ƙafar nan ma ku gaya wa likita, yana cikin abin da zai duba kafin ya ce eh ko a'a.

Akwai abin da za ku iya yi a wannan makon ba tare da sayar da komai ba. Ku tambayi likita batun tenofovir, ƙwaya ce ɗaya a rana da ke danne ƙwayar cutar B, ana samunta a nan, kuma ko da za a yi allurar garkuwar sai an fara ba shi irinta. Ku nemi a rubuta masa maganin ciwo na gaske, har mofin in ta kama, kada a bar shi yana juyi da dare a kan farasitamol. Sannan matansa, da 'ya'yansa, da 'yan'uwansa na ciki ɗaya, har da mahaifinku, kowa ya je a yi masa gwajin B. Wanda ba shi da shi a yi masa rigakafi, allura uku ce. Wanda ke da shi a riƙa yi masa eko duk wata shida, don ƙarin da aka kama yana ƙarami ana iya cire shi. In akwai mai juna biyu a gidan a gwada ta tun yanzu, a kuma tanadi allurar jariri kafin naƙuda, domin cikin awa 24 na farko ake so a yi ta, kuma ba kowane ɗakin haihuwa ke ajiye ta a firij ba.