Ciyawar asma da Ashantawa ke kira akwamfanu: yaya ake gane ta?

Maman Hafsa, Aboabo: Assalamu alaikum. A kasuwar Kejetia da ke Kumasi, Ghana, ana sayar da busasshen ganye wai akwamfanu, na asma. Yaya ɗanyensa yake, kuma nawa ake sha?

Malam Idi Mai Ganye: Wa alaikumus salam, Hajiya. Sunanta a littafi Desmodium adscendens, dangin wake da gyaɗa ce. Yaɗo take a ƙasa, duk gaɓar da ta taɓa danshi sai ta sa saiwa, shi ya sa ba ta mutuwa shekara da shekaru. Ganye uku-uku, na tsakiya ya fi girma. Furen ƙanƙane ne, shuni-shuni. Babbar shaida ita ce kwanson: siriri mai gaɓa-gaɓa da gashi, kina bi ta ciki zai kakkarye ya manne a bakin zanenki. Tana son inuwa, gindin koko da kwakwar manja. Akwai mai kama da ita, ganye uku kamar zuciya, fure rawaya, mai tsami a baki. Wannan ba ita ba ce.

A shanya a inuwa mai iska har ganyen ya riƙa murtsukewa a hannu, sannan a daka. Babban mutum zai sha cokalin shayi ɗaya zuwa biyu na garin a yini, a raba uku, cikin ruwan ɗumi. Da damina in aka ƙulle a leda da sauran laima, sai ya yi fumfuna, kuma fumfuna ita kanta tana tayar da asma.

Anti Nas, Asawase: Ba maganar kasuwa kaɗai ba ce. Dokta Oku Ampofo ya yi amfani da ita a Mampong Akuapem, inda aka kafa cibiyar binciken maganin tsirrai a 1975. Farfesa Marian Addy ta Jami'ar Ghana da ke Legon ta gwada ta a kan ɓeran Masar, ta ga tana rage matsewar hanyar numfashi. Amma Hajiya, a hankali take aiki, ta rigakafi ce. In ciwon ya tashi, ƙirji na fito, inhela za a shaƙa. In bai lafa ba a wuce asibiti, kada a tsaya dafa ganye. Mai ciki da ƙaramin yaro, sai likita ya yarda.

Baba Gariba: Kada a tsinko a gonar kokon da aka fesa maganin ciyawa, ko bakin kwata. Wanki ba ya fitar da shi duka. Kuma ki sayi mai kwanso a jiki, in an riga an daka babu yadda za ki gane.