RHEL 9 ta ƙi shiga tsohuwar sabarmu ta SSH, na rasa mafita

Assalamu alaikum. Shekara goma ina kula da sabobi (kwamfutocin da ke yi wa wasu hidima) masu tsarin Linux na CentOS 6 da 7, amma tun da muka koma RHEL 9 (tsarin Linux na kamfanin Red Hat) bayan an daina tallafa wa CentOS 7 a ƙarshen Yunin 2024, na zama kamar sabon shiga. Batun saita hanyar sadarwa da network-scripts da nmcli na shawo kansa. Wannan kuwa kwana uku ke nan ya hana ni sakat.

Muna da wata tsohuwar saba mai CentOS 6 da ke riƙe da manhajar biyan albashi, ba halin taɓa ta yanzu. Duk dare sabuwar sabar mai RHEL 9 ce ya kamata ta kwaso ajiyar bayanai daga gare ta. Da na buga ssh (umarnin shiga wata kwamfuta daga nesa cikin tsaro) sai ta ce ba su daidaita kan irin makullin tsaro ba: "no matching host key type found. Their offer: ssh-rsa,ssh-dss".

Na ƙara HostKeyAlgorithms +ssh-rsa a fayil ɗin config na ssh, wanda a Ubuntu (wani tsarin Linux) yake wadatarwa. A nan sai saƙon ya koma "error in libcrypto". Na gane RHEL 9 ta toshe sa hannu da SHA-1 (tsohuwar hanyar tantancewa da ssh-rsa ke amfani da ita) ne tun daga tushe. Da na gwada update-crypto-policies --set DEFAULT:SHA1 haɗin ya yi, amma na mayar nan take, don hakan ya buɗe SHA-1 ga injin gaba ɗaya, alhali yana fuskantar intanet.

Don Allah, akwai hanyar da zan halatta SHA-1 ga haɗin wannan saba ɗaya tak, ba tare da na sassauta tsaron sauran tsarin ba? Na gode.