Masu gawayi sun taya ɗorawar gonarmu: wa ya taɓa shiga wannan hali?

Mai tambaya, Rigasa: Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana gona a wajen Giwa, da ɗorawa uku a ciki. Masu gawayi sun taya biyu, yayana ya ce a sayar tunda inuwarsu na hana masara yi. Ni zuciyata ta ƙi. Don Allah wanda abin ya taɓa faruwa da shi ya faɗa min yadda ta kaya.

Manomi daga Soba: Allah ya jiƙan Baba. Yayanka bai yi ƙarya ba, abin da ke ƙarƙashinta ba ya yin kirki. Amma ni na sayar da tawa, kuɗin bai kai ƙarshen damina ba. Na dasa wata, aka ce sai ta kusa shekara 10 kafin ta fara 'ya'ya. Har yau kututturen nake kewayewa da garma. Da na sani, da sassabe rassan kawai na yi.

Wata uwa, Tudun Wadan Zariya: Ɗana, kafin ku yanke magana ku tambayi matan gidan. Mu muka san amfaninta. Tun da tutu, wato furenta, ya fito ja jawur da rani muke lissafi. Gab da saukar damina a sa gora mai ƙugiya a kaɗo, a ɓare, garin nan rawaya yara su sha, kalwa kuma a adana. Wuni guda ake dafa kalwa, a surfe, a wanke, a sake dafawa da kanwa, a rufe kwana biyu zuwa uku sai ta tashi. Da daddawar itace ɗaya mahaifiyata ta haɗa min kayan ɗaki. Ranar da kawunmu ya sa aka sare ta ba tare da ya yi mata magana ba, ta zauna bakin murhu tana hawaye, ko tuwo ba ta ci ba. Yanzu kalwar ma a mudu nake saye, ni da na tashi ina tattaka ta a tsakar gida.

Ɗalibin aikin gona, Samaru: Gaskiya ne Mama. Ɗorawa dangin wake ce, sunanta na kimiyya Parkia biglobosa. Jemagun da kuke gani a kanta da dare su ne ke yi mata barbara. In kun ga kauci ya kama ta, a sare reshen.

Magini daga Ikara: Ba wanda ya ambaci makuba! Ruwan ɓawon nan da shi muke daɓe, ƙasa ta yi tauri. Mu da aka taya tamu mun ƙi, muka rataya amya biyu a kai.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Jumma'a zan je gida, zan fara da ɗakin Inna kafin in zauna da Yaya.