Kwasar shara a bakin Kogin Kaduna: aiki ne ko wahalar banza?

Ɗan Kabala: Salam jama'a. Asabar ɗin ƙarshen wata in sha Allah za mu fita kwasar shara a bakin kogi ta wajen filin shaƙatawa na Gamji, mai shebur ko manjagara ko baro ya taho da shi, buhuna muna da su.

Baba Malali: Wa'alaikumussalam. Ni dai sai na faɗa ko za ku ji haushi, wannan aikin zuba ruwa a kwando ne. Ku kwashe ran Asabar, a yi ruwa ɗaya cikin dare, duk ledar fiya wata da robar lemon da ke kwatocin gari su gangaro su cike wurin. Kuma ai aikin KEPA ne, hukumar kare muhalli ta jihar Kaduna, albashi suke karɓa a kai.

Anti Barnawa: Haba Baba, sai mu naɗe hannu kenan? In ruwa ya tashi ba ofishin KEPA yake nema ba, ɗakunanmu yake shiga. Duk wanda ya ga ambaliyar 2003 ko ta 2012, mutanen Kigo Road da Unguwar Rimi ɗauke da katifa a ka, ba zai ce a jira gwamnati ba wlh

Injiniya: Anti a nan kam na ɗan saɓa miki. Cikar kogi ba leda ke kawo ta ba, ruwa ne ke tahowa tun daga tsaunukan Filato ya tarar mun gina gidaje a kan hanyarsa, ko duk Kaduna ta fito da manjagara sai ya wuce. Wadda shara ke jawowa ita ce ta cikin unguwa, kwalbati ya toshe, lambatu ya cika ruwa ya faɗa gidan mutane. Shi ya sa nake cewa mu bar bakin kogi mu koma lambatu kafin damina ta kankama, can ne tushen, amma ba wanda ke so saboda hoton lambatu ba ya kyau a Facebook.

Ɗan Kabala: Kai Yaya wannan ai zagi ne 😂

Mai Lambu: Ni a bakin kogin nake noman rani, ku tambaye ni. Kana cikin ban ruwa injin ya shaƙe, ka kashe ka jawo tiyo ka tarar da leda da famfas ɗin yara sun naɗe bakinsa, da hannu kake cirewa. Ina son aikin gsky. Amma wancan karon da wasu matasa suka zo tara sharar suka yi tsibi guda suka tafi, mota ba ta zo ba, yara suka cinna mata wuta hayaƙi ya bi kan latas ɗina, sauran iska ta mayar ruwa.

Baba Malali: To kun ji dai, ba ni na faɗa ba.

Ɗan Kabala: Mun yi magana da 'yan jari bola Baba, su za su ɗauki robobi da gwangwani tunda a kilo suke sayarwa. Ledar ce ba mai so, ita ke buƙatar tifa.

Baba Malali: Tifar wa zai biya?

Anti Barnawa: A yi karo-karo mana, kuma a rubuta wa KEPA takarda tun yanzu ko sa turo mota. Sannan don Allah ƙanina kar a bar yara su shiga ruwan, ga fasassun kwalabe ga tsargiya, wanda ba shi da takalmin roba da safar hannu ya tsaya a tudu yana riƙe buhu.

Injiniya: Ni dai lambatu na zaɓa, a sa ƙuri'a mu gani.